Aikin da ya fita rai kuma babu halin bari: yaya ake zama da shi?

Baban Nafisa (mai kula da zaure):
Assalamu alaikum jama'ar Damagaram. Tambaya guda ce ke ta shigo mani ta bayan fage tun farkon wata, kuma masu ita ba su son a ambaci sunansu. Mutum yana aiki, aikin ya fita ransa, kullum da safe ƙafa nauyi take yi masa. Amma ga haya, ga kuɗin lekol, ga tsofaffi a ƙauye suna jiran buhun hatsi. Bari ba zai yiwu ba. To yaya zai zauna bai lalace ba, ba a kuma kore shi ba? Don Allah wanda ya san abu ya faɗa dalla-dalla. "Ka yi haƙuri" kowa ya iya faɗinta.

Tsohon Delege:
Wa alaikumus salam. Da farko ya gano abin da ya ƙi. "Ba na son aikin nan" dunƙulalliyar magana ce, ba a yi mata magani. Ya sayi ƙaramin littafi, kullum da dare ya rubuta layi biyu: me ya ɓata masa rai yau, da ƙarfe nawa, wa ke wurin. Ya yi haka kwana 14. Idan ya karanta zai ga abu ɗaya ko biyu ne ke ta dawowa. Wani zai tarar kuɗin ne ba su isa, wani shef ɗinsa ne kawai, wani awoyin ne suka cinye shi, wani kuma aikin kansa ne bai dace da shi ba. Kowanne da ƙofarsa. Wanda shef ke damu yana iya neman a maida shi wani sashe a gida ɗaya, ya huta. Wanda kuɗi ke damu, ko an canza masa shef sau goma yana nan inda yake. Da yawa suna barin aiki saboda mutum ɗaya, su je su tarar da irinsa a gaba, ga shekarunsu na baya sun zube.

Abu na biyu, kuma shi na fi so a riƙe: kada ya daina zuwa. Haushi yakan sa mutum ya kwana uku a gida ba izini, ba takardar likita. Wannan shi ne gudun aiki, kuma babban laifi ake ɗaukarsa. Mai aiki zai sallame ka ba wa'adi, ba kuɗin sallama, kuma idan kun je gaban sufeton aiki, jami'in gwamnati mai duba rikicin ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi, mai aikin ne ke da hujja.

Ɗan Sabon Gari:
Baba Delege, to idan mutum ya rubuta takardar ajiye aiki da hannunsa fa? Ba a ba shi komai?

Tsohon Delege:
Ɗana, wanda ya ajiye da kansa yana da albashin kwanakin da ya yi, da kuɗin hutun da ya tara bai ci ba, da takardar shaidar aiki. Kuɗin sallama kuwa na wanda aka sallama ne ba da babban laifi ba, bayan ya cika aƙalla shekara guda, kuma suna ƙaruwa da yawan shekaru. Shi ya sa wasu masu aiki idan suna son rabuwa da tsohon ma'aikaci ba su korarsa, sai su matsa masa har ya rubuta da kansa. A raina shi gaban yara, a ɗauke masa tebur, a ba shi aikin da ba nasa ba. Wanda ya shekara 9 a wuri ya gane wannan wasan, kada ya sa hannu a kan komai ranar da ransa ke ɓace. Ko an miƙo takarda an ce sa hannu yanzu, ya ce zai karanta a gida ya kawo gobe.

Kuma mai ajiye aiki ma akwai wa'adin sanarwa a kansa. Ga mai albashin wata yawanci wata guda ne, na manyan ma'aikata ya fi haka. Idan ya fita bai ba da wa'adin ba, ana iya bin sa kuɗin kwanakin. Mai kwantara ta ƙayyadadden lokaci kuma, tsinke ta kafin ranarta na iya jawo masa biyan diyya. A duba takardar kafin a motsa.

Alhaji na Dole:
Delege, duk wannan maganar ta 'yan ofis ce. Ka zaga Kasuwar Dole, ka zaga garejin da ke bakin tasha, ka ƙirga mutum nawa ke da takarda. Yaron shago wace kwantara gare shi? Ubansa ne ya kamo hannunsa ya kawo shi wurin maigida. Shi ne ma ya fi kowa rashin halin bari, don in ya bari an ce ya watsa wa gidansu ƙasa a ido.

Tsohon Delege:
Alhaji, gaskiyarka, su ne suka fi yawa. Amma dokar aiki ta ƙasar nan, ta ranar 25 ga Satumba 2012, ba ta ce sai da takarda ake zama ma'aikaci ba. Wanda ke aiki ƙarƙashin umarnin wani ana biyansa, yarjejeniyar baka ma yarjejeniya ce. Wahalar tana wurin hujja. Don haka ko yaron shago ya riƙa rubuta ranar da ya fara, da abin da ake ba shi duk wata. Idan ta Nita ko Airtel Money ake turo masa, kada ya goge saƙon.

Alhaji na Dole:
Na yarda da rubutun, amma kai maigida gaban sufeto a kasuwa, ka gama da kanka ne, ba mai sake ɗaukarka. Hanyar kasuwa daban take. Abin da ke riƙe yaro shi ne jiran ranar da maigida zai yaye shi, ya ba shi jari ko kaya ya buɗe nasa. Inda abin ke lalacewa, ba a taɓa faɗin ranar ba. Shekara 5 ta wuce, 8 ta wuce, yaro ya yi aure yana nan yana ɗaukar kwali, zuciya ta cika, sai hannu ya fara shiga aljihun shago. Daga nan ya rasa jarin, ya rasa sunan.

Abin da ya kamata: yaron kada ya tunkari maigida shi kaɗai. Ya koma wurin wanda ya kawo shi, uba ko kawu, su ɗauki dattijo guda da maigidan ke jin nauyinsa, su je gida bayan la'asar, ba shago ba. A yi godiya tukuna, sannan a ce yaro ya girma, ana so a ji shirin da ake yi masa. A fito da lokaci da baki: bayan Sallar Layya mai zuwa, ko kaka biyu. A faɗi ko kuɗi ne ko kaya bashi. Shaidu biyu sun ji. Yaron da ya san saura wata 18 yana ɗaukar abin da wanda bai san ranarsa ba ba zai ɗauka ba. A cikin watannin nan kuma ya buɗe ido: wa ke kawo kaya daga Kano, ta Magarya ko ta Matamaye ake shigowa da su, nawa ake kashewa a hanya, yaya canjin naira ke cin riba, wane mai saye ke biyan bashi wane ne ba ya biya. Wannan ilimin ya fi jarin da za a ba shi.

Hajiya Mai Adashi:
Sannunku da ƙoƙari. Ni dai a ganina igiyar da ke ɗaure mutane a aiki bashi ce, ba maigida ba. Albashi bai shigo ba an riga an cinye shi: abans a wurin aiki, banki ya cire nasa, mai shago na unguwa yana jira da littafi. Mai irin wannan hali ko an zage shi ba ya iya ɗaga kai.

A zauna da biro a rubuta. Mu ce albashi jika 90 ne (jika ɗaya sefa 1.000 ce). A fitar da abin da ba makawa: haya, hatsi, cefane, ruwa, kuran, man moto, lekol. Ruwa kada a rubuta kuɗin lokacin sanyi, a rubuta na bazara, lokacin da famfo ke yin kwanaki bai zo ba ana saye wurin 'yan garuwa. Mu 'yan Zinder mun san wannan. Abin da ya fito, a ce jika 70, shi ne kuɗin wata guda na gidan. Burin farko a tara na wata uku, jika 210. Da jika 10 a wata zai ɗauki wata 21. Na san da tsawo. Amma tun a wata na shida, da jika 60 a gefe, mutum zai ji numfashinsa ya canza, don ya san ko yau aka ce tafi ba gobe yunwa za ta shigo ba.

A cire kuɗin ranar da albashi ya shigo, ba ƙarshen wata ba, don ƙarshen wata ba abin da ke saura. Idan adashi za a shiga, mai wannan niyya ya karɓi ɗaukar ƙarshe. Ɗaukar farko bashi ce da wani suna. Kuma kada bashin da ake cirewa daga albashi ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Sabon bashi don biki ko sabuwar waya, a dakata da shi har a fita daga ramin.

Wani abu kuma, a gaya wa uwargida ko maigida gaskiyar lissafin. Ajiyar da ake ɓoye wa abokin zama ba ta daɗewa, kuma fushin da ake kwasowa daga wurin aiki a kansu yake sauka ba su san dalili ba.

Maman Sultan:
Hajiya, jika 10 a wata ga mai jika 90 kenan. Mai jika 40 fa?

Hajiya Mai Adashi:
Ƙanwata, ya fara da jika 2. Ba zai kai wata uku da wuri ba, amma zai daina cin abans, wannan kaɗai ci gaba ne. Irinsa kuma dole sai da wata hanyar shigar kuɗi ta biyu.

Tsohon Delege:
A nan in sa baki. Mafi ƙarancin albashi a doka ya daɗe a sefa 30.047 a wata, daga farkon 2024 aka maida shi 42.000. Mai cikakken aiki da ake ba ƙasa da haka yana da magana. Sannan kowa ya dubi takardar albashinsa: ana cire masa kashi 5,25 cikin ɗari na CNSS, asusun fanshon ma'aikata. A jika 80, 4.200 kenan duk wata. Cirewa daban, kaiwa daban. Ya je ofishin CNSS na nan Zinder da lambarsa ya nemi a nuna masa watannin da aka zuba masa. Akwai wanda ke daure wa aikin da ba ya so don fansho, sai ya kai shekara 60 ya tarar rabin shekarun ba a rubuta su ba. Idan don fansho kake zaune, ka tabbata fanshon yana taruwa.

Mai Turke:
Tunda an zo kan hanya ta biyu. Wadda ta fi dacewa da ma'aikaci a garin nan kiwon turke ce, don ba ta son a tsaya a kanta da rana. Amma ana asara a cikinta, kuma dalilan sanannu ne. A sayi rago kamar kwana 90 zuwa 100 kafin Layya, mai ƙashi da tsawo wanda ya rame don rashin abinci, ba don ciwo ba. A duba haƙori, hanci da bayansa, kada a ɗauki mai zawo ko tari. Kasuwannin ƙauye sun fi cikin gari sauƙi. Satin farko a ba shi maganin tsutsa, a kai shi ga ma'aikatan dabbobi su yi masa rigakafi, a ware shi daga na gida. Harawa a saye ta da kaka a ɗora a rufi, wanda ya bari sai rani zai saya ya ba mai harawa ribarsa. Dusa a fara da kaɗan ana ƙarawa cikin kwana 10, in aka cika masa ita rana ɗaya ciki ya kumbura, wani ya mutu. Gishiri ko kanwa, inuwa, da ruwa safe da yamma. Kuɗin ruwan ma a sa shi a lissafi.

A fara da biyu, ba goma ba. Kuma kada a taɓa ajiyar wata ukun da Hajiya ta faɗa a sayi rago da ita. Rago yana mutuwa.

Tsohon Delege:
A ƙara da cewa sana'ar gefe kada ta zama irin ta mai aikinka, kada a yi ta a lokacinsa ko da kayansa. Makanike da ke janye masu motar garejin zuwa gidansa ya ba da dalilin kora da hannunsa. Ma'aikacin gwamnati kuma dokarsu ta taƙaita kasuwanci, ya tambaya kafin ya buɗe shago da sunansa.

Malam na Birni:
Allah ya saka da alheri. Mai zaure ya ce haƙuri kowa ya iya faɗinsa, haka ne, amma kada a raina shi. Kuskuren da ake yi, an ɗauka haƙuri shi ne yin shiru a cuce ka. Neman haƙƙi ta hanyar da ta dace bai kore haƙuri ba. Hadisi ya zo cewa a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, wannan nauyi ne a wuyan mai aiki. Nauyin ma'aikaci kuma amana. Abin da nake tsoro ga wanda aiki ya fita ransa shi ne ramuwa a ɓoye: zuwa a makare, barin marar lafiya ko ɗalibi yana jira, ɓata kaya da gangan. Maigidan da ake jin haushi sau da yawa bai ma sani ba, talakan da ya zo neman biyan buƙata shi ke sha. Albashin kuma ya shiga shubuha. Ka yi abin da aka ɗauke ka dominsa cikakke. Abin da ya wuce wannan kana da ikon cewa a'a cikin ladabi.

Ɗan Sabon Gari:
Allah gafarta Malam, "a'a" ɗin nan ita ce mai wuya. Shef ya kira ka ƙarfe tara na dare, ko ya aike ka cefanen gidansa.

Tsohon Delege:
Ba a cewa a'a tsirara. Idan ya ɗora maka aiki na uku alhali biyu na hannunka, ka ce: ranka ya daɗe, ga wannan ga wannan, wanne zan fara? Ka bar shi ya zaɓa. Umarnin da ka ga zai iya juyowa kanka, bayan an faɗa da baki ka tura masa gajeren saƙo: kamar yadda ka ce, zan yi kaza gobe. Saƙon ya zama shaida. Lokacin aiki a doka awa 40 ne a sati, da hutun awa 24 a jere, abin da ya hau ana biyansa da ƙari, sai dai masu gadi da wasu sana'o'i lissafin awoyinsu daban ne. Ka riƙa rubuta lokacin shiga da na fita. Hutun shekara kwana biyu da rabi ne kowane wata, wata guda kenan a shekara. Ka nema a rubuce, ka riƙe kwafi, kuma ka ci shi. Inda akwai delege, wato wakilin ma'aikata a wurin aiki, a bi ta wurinsa, kafin sandika, kafin sufeto. Sufeto sulhu yake fara nema, sai ya gagara ake zuwa kotun aiki.

Tsegumin shef da abokan aiki kuwa a rage. Yana sanyaya rai minti goma, da yamma maganar ta isa kunnensa da ƙari.

Manjo:
Ku bar ni in yi maganar jiki, don shi ke fara biya. Mai wannan hali ya auna jininsa ko sau ɗaya a wata, a CSI, ƙaramin asibitin unguwa, ko a famasi. Ya zauna minti biyar tukuna. Idan ana samun 14/9 ko sama a ranaku daban-daban, ya ga likita, kada ya jira ciwon kai, hawan jini ba ya sallama. Barci awa 7. Shayi mai kauri na fada bayan isha'i yana hana shi, gobe a tashi da gajiya, a ƙara jin tsanar aikin. A sha na farko da wuri ko a tsaya a na uku. Da zafin Afrilu da Mayu, rashin shan ruwa kaɗai yana kawo ciwon kai da saurin fushi.

Tramol kuma ina roƙo. Ana fara shi don a iya jure aiki, a wata kaɗan ƙwaya ɗaya ba ta isa, ga farfaɗiya da yake kawowa idan an yawaita. Daga aikin da ba ka so ka koma aikin da kake yi don ka sayi ƙwaya.

Akwai kuma iyaka tsakanin gajiya da ciwo. Idan sati biyu suka wuce mutum ba ya jin daɗin komai, har abin da yake so a da, ba ci, ba barci, ko yana jin gara ya mutu, wannan ya wuce maganar aiki. Ya je likita, a Babban Asibitin Zinder ana duba irin wannan. Ba hauka ba ce, ba raunin imani ba ne, kuma tana da magani. Idan an rubuta masa hutu ya kai takardar wurin aiki nan da nan ya riƙe kwafi, don kada a lissafa masa kwanakin a gudun aiki.

Maman Sultan:
Manjo ka kyauta. A taɓa ɓangaren mata. Wata ba aikin ta ƙi ba, shef ne ke binta da maganar banza, ta kasa faɗa a gida don kada a ce ta zauna.

Tsohon Delege:
Dokar aiki ta haramta wannan ƙarara, kuma laifi ne a dokar hukunta laifuka. Kada ta goge saƙonninsa. Ta rubuta rana da wuri duk lokacin da ya yi. Ta guji shiga ofishinsa ita kaɗai, ta bar ƙofa buɗe ko ta shiga da wata. Ta faɗa wa mace guda babba da ta yarda da ita a wurin, don a samu wanda ya ji tun kafin abin ya fashe. Irin wannan ba a zama da shi shekaru ana lissafin adashi, a kai shi gaba da wuri. Mai ciki kuma tana da hutun haihuwa sati 14, kada a ruɗe ta ta ajiye aiki saboda ciki.

Malamar Mirya:
'Yan kwantaragi, malaman makaranta da aka tura daji, can wajen Tanut ko Gure, nasu ya sha bamban. Yawancinsu ba koyarwa suka ƙi ba, nisa da iyali ne da jiran kuɗi. Barin aji ba izini yana sa a cire suna, shekarun da aka yi ana jiran a ɗauke mutum aikin dindindin su tafi a banza. Hanyar da ta fi saurin tafiya musaya ce: ka nemo wanda ke son wurinka kai kana son nasa, ku rubuta tare, ta bi ta hannun darakta zuwa sufeton makarantu. A ajiye takardar kafin babban hutu, ba a Oktoba ba lokacin da an gama rabon wurare. Idan dalilin ciwo ne ko zama kusa da miji, a haɗa da takardar likita ko ta aure. A karɓi shaidar ajiyewa, don takarda tana ɓata a hanya.

Ɗan Sabon Gari:
Wanda aikin kansa ne bai dace da shi ba fa? Ba shef, ba kuɗi.

Malamar Mirya:
Ya zaɓi abu guda ya koya, ba biyar ba, awa ɗaya a rana a lokaci tsayayye, bayan asuba ya fi don da dare an gaji. Akwai cibiyoyin koyon sana'a na CFM, akwai horon da FAFPA, asusun tallafa wa koyon sana'a, ke tallafawa, ga Jami'ar André Salifou ga mai bak. Ya yi rajista a ANPE, hukumar samar da aikin yi, ya riƙa duba sanarwar gasar ɗaukar aiki. Takardun haihuwa da na zama ɗan ƙasa su zauna a shirye, ta kotu mai nuna ba ka da laifi ita ce wata uku kawai take yi, sai an ga sanarwa a nemo ta. Kuma kada a faɗa a wurin aiki ana neman wani wuri sai an riƙe sabuwar takarda a hannu.

Baban Nafisa (mai kula da zaure):
Ga wata tambaya ta shigo yanzu ta bayan fage. An ba wani takardar neman bayani kan makara uku, an ce ya amsa cikin awa 48. Ransa a ɓace yake, yana so ya zazzage musu duk abin da ke cikinsa.

Tsohon Delege:
Kada ya zazzage komai. Ya amsa cikin lokacin, don rashin amsa laifi ne na biyu. Rabin shafi ya isa: ranakun da aka ambata, dalilin kowace, hujja in akwai. Inda ya yi kuskure ya ce ya yi, zai gyara. Kada ya ambaci laifin wani, kada ya sa maganar albashi ko ta shef a ciki, waɗannan takardarsu daban. Ya rubuta yau, ya kwana, ya sake karantawa da safe, ya ba delege ya duba. Ya yi kwafi biyu, sakatare ya buga hatimi da kwanan wata a kan nasa. Turo mani ita ta bayan fage kafin ƙarfe goma in gani.